Zauren Malamin Gona: Masu bincike sun zo, sun tambaya, sun tafi

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka taru mini wannan karon, na takarda da na murya a WhatsApp, yawancinsu abu guda suke zagaye: tsakanin masu bincike da mu mutanen gari, wa ke da ta cewa? Na tsamo biyar, na rage musu tsawo saboda fili. Masu su su yi mini afuwa.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Garinmu yana yamma da Gidan Rumji. Shekara uku ke nan a jere ana turo mana samari masu anketi, kowa da faffaɗar waya a hannu. Gona nawa gare ka, dami nawa ka samu bara, awaki nawa, sau nawa ake ɗora tukunya a gidanka. Mu bar aiki mu zauna mu ba su amsa. Daga nan ko ƙurarsu ba mu sake gani. Bana mun yi shawara in sun zo ba mai kula su. Mun yi daidai?
*Manomi, yankin Gidan Rumji*

Amsa: Ɗan'uwa, kafin in amsa maka bari in tona wa kaina asiri, don ni ma na taɓa zama cikin masu tayar da ƙurar nan.

Ina sabon ɗauka a aikin gona aka tura ni wani gari arewa da Mayahi. Wani furoje, ba sai na kama suna ba, ya kawo irin hatsi mai saurin nuna. A takarda ba shi da makusa. Yana riga na gida da kusan wata guda, a gonar gwaji kuma ya ba da awo mai kyau. Cikin bazara na tara magidanta a gindin wani gawo, na yi ta zuba kamar rediyo. Da na gama na ce, kun yarda? Suka ce, "To, madalla." Na hau babur na koma, na rubuta a rahoto cewa jama'a sun karɓa hannu bibbiyu. Lokacin ban san "to" ɗin Bahaushe iri-iri ce ba. Akwai ta yarda, akwai ta mun ji, akwai kuma ta tashi ka ba mu wuri rana ta yi.

Maigari ya yanka mini gona can kan wata jigawa da ta gaji, wadda shi kansa ya daina wahalar da sungumi a kanta. Duk da haka hatsin ya yi. Sai dai shi kaɗai ya fid da kai a duk faɗin karkarar, tsuntsayen duniya suka yi masa rubdugu. Abin da ya tsira muka girbe, aka zo ɗauri. Zangarniyar gajera ce, da ƙyar ta wuce taƙi guda, igiya ba ta kama ta, ana ɗaga dami sai ya zube. Mutumin da tun kakanninsa da dami yake lissafin abincin shekara, da dami yake fid da zakka, da dami yake jera rumbu, na kawo masa abin da ba ya ɗauruwa. Karan kuma siriri ne, ba ya darni. Matan gari, waɗanda ban ko gayyata taron ba, su suka ƙarasa ni, suka ce garinsa ba ya auki. Da damana ta zagayo na tambayi irin da na bari ajiya, aka ce ai an sha shi kunu tun cikin ɗari. Wani dattijo ya ga raina ya ɓaci, ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ai ba tambayarmu ka yi ba, faɗa mana ka yi."

Irin nan ba shi da laifi. Wanda ya fid da shi ya amsa tambayar da ya yi wa kansa, wato wane hatsi ne zai tsere wa ɗaukewar ruwa. Tambaya ce mai kyau. Ta mutanen gari ce ta fi tsawo, don a cikinta akwai tsuntsu, akwai igiya, akwai turmi. Da an zauna da su tun kafin a zaɓi abin da za a gwada, da wataƙila shawara ɗaya ta isa: gari duka ya shuka shi lokaci guda, ko a nemo mai saurin nuna amma mai doguwar zangarniya.

Ka dubi sassaben zamani, wanda a nan ƙasar Maraɗi ya tashi. Bayan farin shekarun 1970 an zuba kuɗi wajen renon itatuwa a leda da dasa su, yawancinsu suka mutu. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai aiki da mishan a nan, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƴan tsiron da muke sarewa kowace bazara, su sabara da kalgo, kututtura ne masu rai da saiwa mai zurfi, aski kawai suke so a bar musu reshe kaɗan su miƙe. A yunwar 1984, wadda muke kira El-Buhari, aka haɗa abin da rabon abinci: ka bar itace a gonarka, ka samu tiya. Da rabon ya ƙare, shi da bakinsa ya faɗa, wajen kashi biyu cikin uku na itatuwan aka sare. Yardar da aka saya da tiya, da tiya take ƙarewa. Kuma mutane ba wauta suka yi ba. Doka a lokacin ta ce itace na gwamnati ne, ma'aikacin gandun daji na iya cin tararka a kan reshen da ka sara cikin gonar ubanka. Wa zai reni abin da zai jawo masa tara?

Waɗanda suka bar nasu su suka ga iska ta daina binne musu shuka da rairayi, mata suka huta da doguwar tafiya neman itacen girki, bisashe suka samu ganye. Daga nan abin ya bar hannun Bature ya koma hannun manoma. Kowa ya zaɓi itacen da yake so da yawan da gonarsa za ta ɗauka. A Ɗan Saga ta ƙasar Agye mutanen gari suka kafa kwamitin tsaro da kansu, da mata da makiyaya a ciki. Da masana suka zo daga baya da hotunan sama, suka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itace wajen miliyan 200 a Nijar. Sai a 2020 gwamnati ta fid da dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya rena. Doka ce ta biyo sawun manoma.

Ko buhun wake mai leda biyu a ciki, na PICS. Da aka fara yaɗa shi a 2007, jami'ar Purdue ta Amurka da masanan INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, na nan Maraɗi, irin su Ibrahim Baoua, ba su tsaya ga lacca ba. A gari ake zuba waken ƴan gari, a ɗaure a gabansu, a bar shi a hannunsu wata huɗu ko fiye, sannan a tara jama'a a kwance. Mai shakka ya sa hannu ya damƙo da kansa. Da ƙwari sun cinye waken, a bainar jama'a masanan za su sha kunya, kuma sun yarda da hakan. Wannan ne nake kira girmama mutane.

To, ku kore su? A'a, kada ku fara da kora. Yaran nan ɗaukarsu aka yi na ƴan kwanaki, su ma aiko su aka yi. Ku ba su ruwa, ku shimfiɗa tabarma, sannan ku juya anketin. Wa ya aiko ku? Me za a yi da amsarmu? Yaushe za a dawo a gaya mana abin da aka gano, da Hausa, a wannan gindin itacen? Maigari ya sa a rubuta sunan ma'aikatar da lambar babbansu, a kira shi a gabanku. In an ba ku rana, ku amsa tsakani da Allah, don amsar ƙarya kanku take dawowa: in kowa ya rage daminsa don sa ran taimako, shirin da za a gina a kai karkatacce zai fito. In kuwa shekara ta huɗu ta zo ba wanda ya dawo da labarin ta farko, kuna da ikon cewa a'a. Ba dokar da ta tilasta muku amsa anketin wani furoje. Ƙidayar jama'a ta ƙasa ce daban, ita kam a ba da haɗin kai.

Tambaya: Baba Malam, ina gaisuwa. Muna da ƙungiyar mata a wani ƙauye kusa da Safo. Gamanata ta mutu, ba ni da kuɗin takin zamani, takin gida kuma gandu ake kai shi. Wata ƙawata ta ce in gwada Oga. Da na ji ko mene ne na ce a'uzubillahi. Maigidana ya ce ba a gidansa ba. Amma na ga hatsinta. Wannan abu na masana ne ko na wasa? Ya halatta?
*Uwar gida, yankin Safo*

Amsa: Ƴata, na gode da kika rubuto, don da yawa suna son tambayar kunya ta hana su. Ga waɗanda ba su sani ba, Oga fitsarin mutum ne da aka tara a jarka, aka toshe sosai, aka ajiye wata biyu zuwa uku kafin a kai gona.

Ba wasa ba ne. Sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shar, wanda muke saye a buhun ure, da shi da wasu sinadaran taki, jikin mutum yana fid da su ta fitsari. In an toshe jarkar, ruwan yakan juya ya yi kaifi irin na toka, wannan kaifin da zafin ƙasarmu su ke kashe ƙwayoyin cuta. Shi ya sa ajiyar ba a tsallake ta, murfin kuma ba a sakaci da shi, in ba haka ba ƙarfin ya bi iska ya bar ki da wari kawai. Ba a kwara shi a kan ganye. A gefen gindi ake zubawa a rufe da ƙasa, in ya yi yawa kuma yana ƙona shuka. Awon da ya dace, ki nemi masu horarwa na ƙungiyar manoma su nuna miki a gona, zai fi in rubuta miki a nan.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda aka yi binciken. Matan tarayyar manoma ta FUMA Gaskiya, ta nan jihar Maraɗi, su suka riƙe abin, masanan INRAN da abokan aikinsu na Jamus da Ingila suka biyo da ma'auni. Daga 2014 zuwa 2016 an yi gwaji 681 a gonakin matan kansu, kowace ta raba fili, nan da Oga nan babu. Sakamakon da Hannatou Moussa da abokan aikinta suka wallafa a 2021 ya nuna ƙarin zangarniya wajen kashi 30 cikin 100. Ba a gonar gwajin INRAN ta Tarna aka gwada ba, inda ƙasa ke samun gata. A irin gamanarki aka gwada, mai nisa da gari, wadda ba ta ga taki ba shekara da shekaru. Da maza masu gandu aka tambaya wace matsala ce ta fi damun noma, ba na jin gamana za ta shigo lissafi.

Sunan ma ai darasi ne. Wani shiri da aka yi a ƙasar Agye kafin wannan, takin ruwa suka kira shi. Waɗannan kuma suka ce Oga, kalmar da muka aro daga Najeriya, wato babba. Wani zai ce ɓoye gaskiya ne. Ni ban ga haka ba, tunda kowa ya san abin da ke cikin jarkar. Mu mutane ne masu kunya, akwai kalmar da mace ba ta iya faɗa gaban surukinta. In ba a sama wa abu sunan da za a iya kira a taro ba, ba za a taɓa tattauna shi a taro ba.

Batun halacci, ni malamin gona ne, fatawa ba tawa ba ce. Abin da na koya a zaure dai shi ne, fitsari najasa ne, in ya taɓa jiki ko tufa sai an wanke kafin salla, amma malaman Malikiyya sun lissafa shukar da ta sha najasa cikin abubuwa masu tsarki. Ku je ke da maigidan wurin limaminku ku ji daga bakinsa. Kuma kada ki yi a ɓoye. Ƙyamar da ya nuna ba jahilci ba ce, tsabtar gidansa yake karewa, kuma yana da gaskiya a nan. Ki ji ainihin abin da ya dame shi. In wari ne, jarka ta zauna bayan gari ko a gona. In maganar mutane ce, ki kai shi ya ga hatsin ƙawar taki kafin girbi. In ya gani ya ce har yanzu a'a, akwai wata dabarar da matan tarayyar suka gwada, ta dunƙula iri cikin ƙasa da yashi da ƴar toka, a shanya, a shuka. Ita ba mai ƙyamarta.

Tambaya: Baba, ni ɗalibi ne a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, sashen noma. Ina karanta zaurenka, amma ina da ja. Kimiyya ba zaɓe ba ce. In sai kowa ya yarda za a yi bincike, ba abin da za a yi. Mutanen da ba su shiga lakwal ba, ta yaya za su gaya wa mai digiri uku abin da zai bincika? Ba jama'a ba ne suka ƙi rigakafin shan inna?
*Ɗalibi, unguwar Ali Ɗan Tsoho, Maraɗi*

Amsa: Ɗana, rabin maganarka gaskiya ce, kuma ba zan rage mata komai ba. Ba a ɗaga hannu a taro don a san ko magani yana kashe tsutsa. Ma'auni ne ke faɗa. Ko gari duka ya rantse cewa wani iri ya fi, in sikeli ya ce a'a, to a'a ne, kuma aikinka ne ka faɗa musu ko ba su so.

Amma sikeli ba ya gaya maka me za ka ɗora masa. Kuɗin bincike kaɗan ne, matsaloli kuwa rumbu guda. A bi ƙuduji ko a bi ƙwarin ajiya? A nemi waken da ya fi ƙwaya, ko wanda ya rage ƙwaya kaɗan ya ba da harawa, tunda mai tumaki a Maraɗi harawar ma kuɗi ce? In gwaji ya lalace, abincin wa ya tafi? Waɗannan ba a ɗakin gwaji ake amsa su ba, kuma digiri bai ba ka fifiko a kansu ba bisa wanda cikinsa ne zai kwana da yunwa.

Ga misali daga lafiya. A 1996 sanƙarau ya kama mutum wajen 250,000 a yankinmu na Afirka, ya kashe wajen 25,000. Da aka tashi neman sabuwar allura a 2001, jami'an lafiya na ƙasashenmu suka kafa sharaɗi tun kafin a fara: kada kuɗinta ya wuce rabin dalar Amurka, wajen dala saba'in tamu ta sefa a lokacin. Wannan sharaɗin ya sauya tafiyar duka. Manyan kamfanonin Turai ba su iya farashin ba, aka koma wani kamfanin Indiya, Serum Institute. A Disamban 2010 aka fara yin allurar, mai suna MenAfriVac, a Burkina Faso da Mali da Nijar, kuma irin sanƙarau ɗin da aka yi ta dominsa ya kusa ɓacewa. Masana ne suka haɗa allurar. Masu amfani da ita ne suka faɗi irin wadda za ta yi musu amfani.

Wani lokacin ma dabarar kanta ba ta aiki sai da gari. Ka san murzuna, tsutsar da ke murɗe zangarniyar hatsi. Ka kuma san ɗan ƙwaron nan dangin zanzaro da masanan nan Maraɗi ke kiwo, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba, yake saka ƙwai a jikin tsutsar ya kashe ta. A ƴan jakunkunan algarara ake kai shi, a rataya kewayen gari lokacin da hatsi ke fid da kai. Ƙwaron nan bai san iyakar gona ba. In mutum ɗaya ya saya, maƙwabta sun amfana kyauta. In mutum ɗaya ya tashi da famfon feshi, ya kashe wa kowa. To gaya mini yadda za ka yi wannan aikin ba tare da gari ya zauna ya fahimta ya yi shawara ba.

Inda zan ja kunnenka shi ne kalmar jama'a. Ka je gari, maigari ya tara maka mutum goma masu manyan riguna, ka dawo ka ce ka ji ra'ayin jama'a. Ba ka ji na matan da ke sussuka ba, ba ka ji na samarin da ke ƙwadago a gonar wani ba, ba ka ji na Bafulatanin da ke mashekari bayan gari ba. Su ba za su yi magana gaban manya ba, sai ka bi su inda suke, mata kuma ka tafi da mace. Yana cin lokaci, ban musa ba. Ni dai na ga abin da gaggawa ta ci mini a Mayahi.

Kundinka na kammala karatu, na tabbata a wani ƙauye ka ɗebo alƙalumansa. In ka kare shi gaban malamanka da Faransanci, ka hau mota ka koma ƙauyen ka sake kare shi da Hausa. Za ka sha tambayoyin da ba ka sha a jami'a ba. Batun shan inna kuwa, karanta amsa ta gaba.

Tambaya: Malam, ba tambayar gona ba ce, ka yi haƙuri. An zo likitar garinmu ana neman jarirai don wani bincike, an ce uwa ta sa hannu a takarda. Kakar yaran ta ce kada in kuskura, ta tuna abin da aka yi a Kano. Ni ban iya karatun boko ba, ƙanena ne ya rubuta mini wannan. Me zan yi?
*Mai jego, yankin Madarunfa*

Amsa: Ƴata, Allah ya raya. Tsohuwa ba ta yi ƙarya ba. A 1996, cikin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a Kano, a binciken da ya haɗa yara wajen 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Aka yi ta shari'a har 2009, aka sasanta da gwamnatin Kano kan dalar Amurka miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, wannan tabon na cikin abin da mutane ke nunawa. Ƙin ya yi ɓarna mai yawa, cutar ta tsallaka ƙasashe kusan 20, mu da ke bakin iyaka muna cikin na farko, yaran da ba su ji ba su gani ba suka shanye. Kuma ba da faɗa aka shawo kan abin ba, sai da aka koma wurin sarakuna da malamai aka zauna.

Amma a ƙasarku ta Madarunfa an yi wani binciken da ya amfani duniya. Daga 2014 cibiyar Epicentre ta ƙungiyar likitocin MSF, tare da ma'aikatar lafiya, ta gwada rigakafin zawon jarirai na ɗigawa a baki, wanda ke jure zafi, a kan jarirai sama da 3,500. Sakamakon ya fito a 2017, ya nuna yana rage zawo mai tsanani da wajen kashi biyu cikin uku. Iyaye mata irinki ne suka kai ƴaƴansu. Don haka ba zan ce miki kowane bincike mugu ne ba, ba kuma zan ce ki sa hannu don kin ga farar riga ba.

Takardar nan ba ta rantsuwa ba ce, shaida ce cewa an yi miki bayani kin gane. Ki ce a karanta miki ita da Hausa, gaban wanda kika yarda da shi wanda ba ma'aikacinsu ba, ƙanen nan naki ma ya isa. Ki tambaya me za a ba yaron, me zai iya same shi, wa zai yi jinya in wani abu ya faru, in an ɗebi jini ina za a kai shi. Ki tambaya ko kwamitin ƙasa mai duba ɗa'ar binciken lafiya, da ke Yamai, ya ba da izini, a nuna wa ƙanenki takardar. Ki ce za ki koma gida ki yi shawara da uban yaron, mai gaskiya ba zai hana ki kwana ɗaya ba. Ki riƙe kwafin takardar. Ko kin sa hannu kina da ikon janyewa duk ranar da kika so, kuma in kin ƙi, ba wanda ya isa ya hana ɗanki awo ko magani ko rigakafin da ake yi wa kowa. Wanda ya ce miki in ba ki sa hannu ba za a daina duba yaron, tashi ki kai maganar wurin babban likitan gunduma. Shi kuma rigakafin yau da kullum da ke cikin katin awo, wannan ba gwaji ba ne, kada ki bari ya wuce shi.

In za ki koma, ki tafi da kakar. Ta yi tambayoyinta da bakinta.

Tambaya: Malam, mu dai a garinmu ana shigar da mu sosai. Duk taron da furoje ya kira ana ba mu perdiyem jika biyu da lemo. Me kuma ake nema?
*Mai shago, Cadawa*

Amsa: Alhaji, karɓi jikarka biyu, haƙƙinka ne, ka rufe shago ka zo. Sai dai in an watse ka tambayi kanka abu ɗaya: cikin abin da suka zo da shi, me ya canza saboda maganar da aka yi a taron? Na san wani gari da mutum huɗu ne ke zuwa kowane taro. Na iri su, na kiwo su, na rijiya su. Ranar da aka kira na mata masu sana'ar ƙuli-ƙuli, ɗayansu ya zo da hularsa ya zauna a layin gaba, ya ce uwar gida ba ta jin daɗi, shi ne wakili.